Tarihin Yaƙi da Fara: Daga Rami da Hayaƙi zuwa Fumfuna

A ƙasar Sakkwato, har da Kajiji da sauran garuruwan gero da dawa na yankin Boɗinga da Shagari, manoma sun daɗe suna tarar fara da abin da ke hannunsu, wato buga ganguna da gwangwanaye, da turnuƙe gona da hayaƙi, da haƙa ramuka a gaban 'ya'yan farar da ba su yi fiffike ba domin a binne su, yayin da mata ke kama wadda sanyin asuba ya kashe wa jiki su tafasa, su shanya, su soya. Zamanin Turawa ya kawo guba, kuma aka dogara da ita har zuwa annobar farin dango ta 1986 zuwa 1989, lokacin da feshin da aka yi a faɗin Sahel ya tayar da hankalin masana saboda ɓarnarsa ga tsuntsaye da ƙudan zuma da ruwan sha.

A 1989, domin neman madadin guba, aka kafa shirin LUBILOSA, wanda ya haɗa cibiyar IITA ta Kwatano da masana a Yamai da Ingila, kuma ya koma ga wata fumfuna mai suna Metarhizium, dangin wadda masani Metchnikoff ya bayyana tun 1879. An gauraya ƙwayoyinta da mai don kada bushewar iska ta hana su aiki, aka gwada a Nijar, aka sa wa maganin suna Green Muscle.

Fara kuwa ba ta miƙa wuya da sauƙi. Da zarar fumfunar ta huda ɓawonta, ta hanyar enzayim, wato furotin mai hanzarta sauyin sinadarai, sai ƙwayoyin jinin farar su yi wa baƙuwar ƙawanya, sannan wani enzayim na farar mai suna finoloksidas, wanda ke kwance a jini har sai an ji mata rauni, ya farka ya lulluɓe wurin da baƙin launi mai guba, abin da ke bayyana kamar ɗigon tawada a ƙarƙashin ɓawo. Bugu da ƙari, farar da ta kamu takan hau kara ta shanya jikinta a rana domin zafi ya rage wa fumfunar ƙarfi. Wannan turjiya ce ke sa maganin ɗaukar mako ɗaya zuwa uku kafin ya yi kisa, jinkirin da manomin da geronsa ya fara ido ba ya iya haƙuri da shi, shi ya sa har yau guba ce ta fi yawa a kasuwa.