Gadon Jini da Gadon Tukunya

 

Kwanakin baya na je suna a Zawaciki, can hanyar Panshekara. Muna zaune a tsakar gida aka shigo da lemon kwalba, sai wata baiwar Allah da ba za ta wuce shekara 35 ba ta buɗe kwalba ta biyu. Ƙanwarta ta ce, "Yaya, ki tuna fa da ciwon Inna." Ta yi dariya ta ce, "Ke bar ni. Inna tana da shi, Gwaggo tana da shi, gadonmu ne. In zai zo zai zo." Aka yi shewa, aka shiga wata hirar. Ni kuwa maganar nan ta biyo ni har gida, domin mahaifiyata ma tana shan maganin ciwon sukari, kun ga ke nan ni ma ina cikin layin. Shi ya sa yau na ce bari mu waiwayi tarihi, mu ga ko gadon nan hukunci ne da aka riga aka yanke mana.

Ciwon dai tsoho ne. Likitocin Indiya na zamanin da sun lura tururuwa tana taruwa a kan fitsarin mai shi, kamar yadda tsofaffinmu suke faɗa har yau. Ibn Sina, babban likitan Musulmi da ya rasu a 1037, ya yi bayaninsa, har da zaƙin fitsarin. Amma sai a 1921 aka samo insulin a Toronto ta ƙasar Kanada, wato sinadarin da ke shigar da sukarin jini cikin tsoka don jiki ya yi aiki da shi. Akwai nau'in ciwon da ya fi kama yara, inda jiki yake daina yin insulin ɗin gaba ɗaya, wannan maganarsa daban. Namu na yau shi ne na manya: insulin ɗin yana nan, amma jiki ya daina jin maganarsa, musamman in kitse ya taru a ciki, har gaɓar da ke yin sa ta gaji.

Gadon kuma gaskiya ne, ba zan ɓoye muku ba. Likitoci sun ƙiyasta cewa wanda ɗaya daga cikin iyayensa ke da shi, haɗarin ya kamu a tsawon rayuwarsa ya kai kusan kashi 40 cikin 100. In uwa da uba ne duka, ya kan doshi kashi 70. To amma ga tambaya. Jinin da ke jikin Inna, ai daga wurin iyayenta ta samo shi. Me ya sa a zamanin kakanninmu ba kowane gida ake jin sunan ciwon ba? Wani ɓangaren amsar shi ne ba a awo, mutum ya rame ya mutu a ce ajali. Amma wannan bai cinye amsar duka ba.

Ku tuna yinin kakarmu a cikin kulle, ita ma fa ba ta fita. Da asuba ta ja ruwa a rijiya da guga. Ta yi sussuka, ta yi surfe, ta yi bakace, ta durƙusa a kan dutsen niƙa ko ta kama taɓarya, sannan tankaɗe, sannan tuƙin tuwon gida guda. Kafin azahar ta yi gumin da yau sai mai kuɗi ya biya a wurin motsa jiki yake samun irinsa. Abincinta gero da dawa da maiwa da wake, da kuka da kuɓewa da zogale. Zaƙi kuwa sai an samu: zuma, rake, dabino, ko mazarƙwailar ƙasar Zazzau. Shinkafa ta sallah ce da biki.

Sai jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kayan kanti suka fara shigowa da yawa, farin sukari yana ciki. A 1964 kamfanin sukari na Bacita, a Jihar Kwara ta yanzu, ya fara aiki. Nan gida kuma Bompai ta riga ta zama unguwar masana'antu, bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967 Sharaɗa da Chalawa suka biyo baya. Alewa, biskit, fulawa, lemon kwalba, abin da a da sai an yi tafiya ake tsarabarsa, ya zama a bayan gidanmu ake yin sa. Kuɗin man fetur ya shigo, aka biya ma'aikata Udoji a 1975, maigida ya fara dawowa da burodi da gwangwanin madara. Ƙauyukan noma irin su Zawaciki, da ke daf da Chalawa, suka cika da ma'aikata, gonaki suka koma filotai. Yau ga tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a Zawaciki a 2023, inda shekarun baya sai dawa da gero. Cikin gida kuma injin niƙa ya karɓi aikin dutse, injin markaɗe ya karɓi na turmi, mai kura ya karɓi na guga.

Kada a ce ina kukan komawa surfe. Wallahi wadda ta taɓa daka tiya biyu ta gero ba za ta yi wa 'yarta fatan haka ba, kuma masana'antun nan sun ciyar da dubban gidaje. Abin da nake nunawa shi ne, a cikin zuriya uku kacal aikin ya fita daga tsakar gida, zaƙin ya shigo, ba mu sa komai a gurbin aikin ba. Har muka ɗauki ƙiba shaidar cewa miji yana riƙo da kyau, amarya ta rame a ce ana cutarta.

Alƙaluma ma sun nuna haka. Binciken ƙasa da aka yi a 1992 ya samu kashi 2.2 cikin 100 na manyan Nijeriya suna da ciwon. A 2018 Farfesa Andrew Uloko na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da abokan aikinsa suka tattara bincike-binciken da aka yi, suka samu kusan kashi 6, kodayake shiyyarmu ta Arewa maso Yamma ce mafi ƙaranci da kashi 3. Zaman birni da rashin motsi da irin cimar da ake ci suna cikin dalilan da suka lissafa. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne binciken 1997 da ya gwada baƙaƙen fata masu asalin Afirka ta Yamma a wurare daban-daban. A Nijeriya kashi 2, a tsibiran Karebiyan kashi 9, a Amurka da Ingila kashi 11. Tushe ɗaya, tukunya daban.

To in canjin rayuwa ne ya tayar da ciwon, canjin rayuwa zai iya kwantar da shi? An gwada. A 1986, a garin Da Qing na ƙasar Sin, aka ɗauki mutum 577 waɗanda sukarinsu ya fara hawa amma bai kai ciwo ba. Wasu aka gyara musu abinci ko aka sa su motsa jiki tsawon shekara 6, wasu aka bar su yadda suke. Bayan shekara 30 aka sake duba su, sai aka tarar waɗanda suka yi gyaran ciwon ya yi jinkirin kama su da kusan shekara 4, kuma mutuwa da ciwon zuciya ta ragu a cikinsu. A Amurka aka yi babban gwaji da mutum 3,234, aka fitar da sakamako a 2002. Abin da aka nema a wurinsu bai taka kara ya karya ba: motsa jiki minti 30 sau 5 a mako, da rage kashi 7 cikin 100 na nauyi. Mai kilo 80 ta sauke kilo 5 ko 6 ke nan. Kamuwa da ciwon ta ragu da kashi 58, alhali masu shan ƙwayar metformin kashi 31 ne. Da yawa daga cikin mutanen nan 'yan gado ne irinmu, kuma gyaran ya yi musu aiki.

Ban ce tabbas ba ne. Akwai wadda za ta yi duk wannan ciwon ya zo, kuma ba laifinta ba ne, kada a ɗora mata. Amma ya zo miki kina shekara 60 ba daidai yake da ya zo kina 40 da goyo a baya ba, domin daɗewarsa a jiki ce ke cin ido da ƙoda da ƙafa.

Na san wata za ta ce, "Anti, Turawan nan fita suke yi, mu kuwa ina za mu?" Tsoka ba ta san bambancin titi da tsakar gida ba. Zagayen tsakar gida da sauri bayan la'asar, ke da abokiyar zama ko 'yarki, rediyo yana kunne, har ki ji numfashi ya ɗan ɗaga, ya shiga lissafi. Shara da wanki da dakan yaji da muka sakar wa yara, a karɓi wani abu a ciki. Kwalbar lemo guda tana iya ɗaukar sukarin ƙaramin cokali 8 ko 9, to ki ƙirga wanda kike zubawa a shayi da koko da zoɓo da kunun aya kafin dare. Kuma tunda ludayin yana hannunki, abin da kika saba wa yara da shi yau, shi za su ɗauka su kai gidajensu.

Sai awo. Wadda ke da mai ciwon a iyaye ko 'yan uwa na jini, ko aka ce sukarinta ya hau lokacin ciki, ko ta haifi jariri mai kilo sama da 4, ta nemi maigida ya kai ta asibiti a gwada jininta da safe kafin ta ci komai. In ya nuna 7 ko sama, likita zai sake gwadawa ya tabbatar. In ya haura 6 bai kai 7 ba, sukarin ya fara hawa ke nan amma bai kai ciwo ba. Kada a jira yawan fitsari da ƙishirwa da rama, ciwon kan yi shekaru a ɓoye kafin su bayyana. Ni ranar da zan raka Inna ganin likita nake miƙa nawa yatsan, sau ɗaya a shekara.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A gaida yara.