CAPED: inda malamai ke ƙaro sanin koyar da karatu

CAPED, wato Cellule d'animation pédagogique da Faransanci, haɗuwa ce da malaman firamare na makarantun da ke maƙwabtaka da juna suke yi lokaci zuwa lokaci a Nijar, ƙarƙashin kulawar sufetoci da masu ba da shawara kan koyarwa. Malami guda yakan gabatar da darasi, sauran su saurara, sannan a tattauna a gyara kurakurai.

Karatu na cikin manyan matsalolin da ke gaban malaman. Binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa a ajin CM2, yaran da ke fahimtar abin da suka karanta ba su kai 1 cikin 10 ba. A 2019 adadin ya kai kimanin 3 cikin 10.

Matsalar ba ta tsaya ga darasin Faransanci kaɗai ba. Yaron da bai gane tambayar lissafi ba zai faɗi, ko da ya iya rabawa. Shi ya sa ake son malami, a darasin lissafi ko tarihi ko kimiyya, ya fara bayyana sababbin kalmomi, in ta kama da Hausa ko Zabarmanci, ya sa yara su karanta, su faɗi abin da suka gane da bakinsu, sannan su rubuta shi cikin jimla biyu ko uku.