Man Cire Gashi

Man cire gashi kirim ne da ake shafawa ya narkar da gashi ba tare da reza ba. Sinadarin tayogilaikolet da ke cikinsa yana tsinke haɗin farar wuta da ke riƙe furotin keratin, amma sai ma'aunin pH ya kai kusan 12, alhali na fata kusan 5.5 ne, kuma saman fatar ma keratin ne, don haka man kan iya sa fata raɗaɗi. Wasu na ganin rage ƙarfin sinadarin ya wadatar, sai dai hakan kan sa a bar man ya daɗe a jiki, raɗaɗi ya ƙaru. Mafita ita ce gajarta lokaci: yuriya da ake sa wa man na kumbura gashi ya yi laushi da wuri, gilisirin na hana fata bushewa, sai a goge man cikin minti 3 zuwa 10.