Unguwar New Bell da Hausawan Duwala: Tarihi, Jama'a da Ilmi

Gabatarwa

Duwala ita ce babbar tashar jiragen ruwa ta ƙasar Kamaru, kuma cibiyar kasuwancinta. Wannan takarda za ta dubi ɗaya daga cikin unguwanninta, wato New Bell, inda Hausawa suka fi shekara ɗari da zama. Za a duba kafuwarta, da jama'arta, da karatun yaranta.

Kafuwar Unguwar

A shekarar 1884 ne sarakunan ƙabilar Duwala, musamman na gidan Bell da na Akwa, suka ƙulla yarjejeniya da Jamusawa. Daga 1910 gwamnatin Jamus ta ƙudurta tayar da 'yan ƙasa daga bakin kogin Wuri domin wurin ya zama na Turawa zalla. Hujjarta ita ce kare Turawa daga zazzaɓin cizon sauro. Don haka aka ware wa baƙar fata sababbin matsugunai a can baya, aka bar filin da ya kai faɗin kilomita ɗaya tsakaninsu da Turawa. Wanda aka ware wa mutanen Bell shi ne ya zama New Bell. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya yi tsayin daka a kan cewa wannan ƙwace ya saɓa wa yarjejeniyar 1884, aka kuwa rataye shi ran 8 ga Agusta, 1914. Wata guda da 'yan kwanaki bayan haka sojojin Ingila da Faransa suka ƙwace garin.

A zamanin Faransawa yawancin mutanen Bell sun ƙi zaman wurin da aka tilasta musu, sai unguwar ta koma hannun baƙi.

Zuwan Hausawa da Yawan Jama'a

Tun ƙarni na 19 fataken Hausa ke bin hanyar Adamawa, ta Yola da Ngaundare da Banyo da Tibati, suna neman goro da hauren giwa. Da mulkin Jamus ya kafu sai suka gangaro har bakin teku, wasu kuma suka zo a matsayin sojoji. A New Bell sun riƙe fawa da dillancin shanu da ɗinki da koli, suka kafa masallatai, suka sami sarkinsu kamar yadda aka saba a kowane zango. Maƙwabtansu su ne Bamileke da Basa da Ewondo da Yarbawa, kowa da shiyyarsa. Ya kamata a lura cewa a bakin mutanen kudancin Kamaru kalmar "Hausa" takan haɗa har da Fulani da Barebari da sauran Musulmin arewa.

Zaman bai rasa tsami ba. Baƙi sun yi gini a ƙasar da 'yan Duwala ke cewa tasu ce, ba tare da takardar mallaka ba. Tarzomar watan Mayu 1955, wadda ta jawo haramta jam'iyyar UPC, ta yi ƙamari a nan. A Afrilu 1960 kuma, lokacin da ake zaman ɗar-ɗar tsakanin Hausawa da Bamileke, gobara ta cinye shiyyar Kongo, dubban mutane suka rasa muhalli.

Duk da haka jama'a ba su daina zuwa ba, musamman bayan jirgin ƙasa ya isa Ngaundare a 1974. Ƙidayar 1976 ta ba Duwala mutum kimanin 458,000, ta 2005 kuwa kimanin miliyan 1.9. Daga cikinsu fiye da 260,000 suna gundumar Duwala ta Biyu, wadda New Bell ce hedikwatarta.

Ilmi

Boko ya riga Hausawa isa Duwala. Alfred Saker ya fara aikin mishan a 1845, Jamusawa kuma suka buɗe makarantar gwamnati a 1887. Ganin yawancin makarantun na hannun mishan, iyaye Musulmi suka tsaya ga makarantar allo. Wannan ya kare addinin yaro, amma ya bar shi a baya wajen aikin ofis, wanda sai da Faransanci. Bayan samun 'yancin kai a 1960 aka soma kafa makarantun Faransanci da Larabci domin haɗa biyun, a 2000 kuma gwamnati ta soke kuɗin makarantar firamare.

Yaron New Bell a yau yakan ji Hausa a gida, Larabci a gaban malam, Faransanci a aji, Turancin buroka a kasuwa. Dokar ilmi ta 1998 ta amince da raya harsunan ƙasa, sai dai mafi yawan yaran ba su taɓa koyon rubuta Hausa a aji ba.

Kammalawa

An ga yadda unguwar da aka kafa don wariya ta zama mahaɗar ƙabilu, da yadda Hausawa suka kafu a cikinta ta hanyar sana'a da masallaci. Abin da ya rage ga manazarta shi ne naɗar Hausar dattawan unguwar tun suna raye, da kwatanta ta da ta jikokinsu, domin a gane abin da ya tsira da abin da ya salwanta.