Nahawun Harshen Klingon: Sifa da Ginin Jimla

Klingon ƙagaggen harshe ne da aka ƙirƙira domin wasu mayaƙan wata duniya a finafinan Star Trek na Amurka. An fara jin 'yan kalmominsa a fim ɗin Star Trek na 1979, ɗan wasa James Doohan ne ya ƙago su. Amma wanda ya gina masa cikakken nahawu shi ne Marc Okrand, masanin kimiyyar harshe, lokacin shirya fim na uku da ya fito a 1984. A 1985 ya wallafa ƙamus mai suna The Klingon Dictionary, aka faɗaɗa shi a 1992, shekarar da Lawrence Schoen ya kafa cibiyar nazarin harshen a jihar Pennsylvania.

Da gangan Okrand ya nisanta harshen daga abin da kunnen ɗan Adam ya saba. Jimla tana farawa da karɓau, sai aikatau, aikau ya zo ƙarshe. Duj legh HoD na nufin kyaftin ya ga jirgi, alhali jirgin ne a gaba, kyaftin a baya. Harsunan duniya ƙalilan ne ke bin wannan tsari, kamar Hixkaryana na ƙasar Burazil.

Batun sifa ya fi jan hankali, domin babu ita a matsayin ajin kalma. Azuzuwa uku kawai Okrand ya tanada: suna, aikatau, da sauran tarkace da ya kira chuvmey. Aikatau ne ke ɗaukar nauyin siffantawa. Kalmar tIn tana nufin kasancewa babba. Idan ta gabaci suna, an sami cikakkiyar jimla: tIn Duj, jirgin babba ne. Idan ta biyo bayansa kuwa, ta koma sifa: Duj tIn, babban jirgi. Wurin zamanta kaɗai ke raba ma'anonin biyu. A irin wannan yanayi ɗafa-ƙeyar wuri, wato Daq, takan bar sunan ta liƙe wa sifar: veng tInDaq, a cikin babban birni. Bahaushen da ke cewa "ya yi tsawo" ba zai ga baƙon abu sosai a nan ba.

Aikatau ba ya nuna lokaci, sai dai ko aiki ya kammala ko yana ci gaba. Ɗafa-goshi ke fayyace mai yi da wanda aka yi wa, ɗafa-ƙeyar aikatau kuma rukuni tara ce, kowane rukuni da gurbinsa, ba a sauya musu jeri.  Ga masu son koyo, tun 2018 ake koyar da harshen a manhajar Duolingo.