Jinga, Haɗin Gwiwa da Rabon Maki a Darasin Lissafin Ƙidaya: Duba ga Halin Ɗaliban Agege

Tsakure

Maƙalar ta nazarci tsarin bayar da jinga da maki a darasin lissafin ƙidaya a jami'o'in Nijeriya, tare da la'akari da halin ɗaliban Hausawa mazauna Agege a Legas. Matsayinta shi ne a halatta wa ɗalibai warware jinga tare, a wajabta wa kowa rubuta tasa hujjar da hannunsa, sannan a rataya makin a kan iya kare abin da aka rubuta.

Gabatarwa

A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar da sabuwar manhajar CCMAS. A cikinta ɗalibin ilimin kwamfuta yana cin karo da kwas ɗin lissafin ƙidaya mai lamba CSC 203 a shekararsa ta biyu. Nan ake koyon mantiƙi, da dabarun ƙirga, da zanen ɗigo da layi, da kuma yadda ake kafa hujja. Ba darasi ne da ake haddacewa ba. Ɗalibi zai iya samo amsa daidai ya tashi da sifili idan ya kasa nuna hanyar da ta kai shi, shi ya sa jinga take da nauyi a nan fiye da sauran darussa.

Inda makin yake zuba

Yawancin jami'o'i suna ware maki 30 ga ayyukan cikin zango, 70 ga jarrabawa. Daga 70 zuwa sama A ne, 50 zuwa 59 C, 40 zuwa 44 E. A ɗauka malami ya ware 10 ga jinga, 20 ga gwaji. Ɗalibin da ya ci 32 a jarrabawa da 10 a gwaji yana da 42, da ƙyar ya tsallake. Idan ya kwafo jingar wani ya kwashe goman nan, ya kai 52, ya zama mai C ba tare da ya ƙaru da komai ba. Malamai sun san da wannan, amma wanda ke fuskantar aji mai ɗaruruwan ɗalibai ba ya da lokacin bin kowace hujja layi-layi. Wasu sukan haramta haɗin gwiwa gaba ɗaya, wasu su sa ido kawai. Tun fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022, haramcin ya ƙara zama magana a takarda.

Ɗalibin Agege

Agege tsohon zango ne na fataken goro da shanu, har yau kuma akwai Sarkin Hausawa a can. Yaron da ya tashi a unguwar ya samu gurbi a Jami'ar Legas da ke Akoka, ko Jami'ar Jihar Legas da ke Ojo, sau da yawa daga gida yake zuwa, don gadajen kwanan ɗalibai ba sa isa. Yakan yi sammako ya kama danfo, ya dawo bayan magariba a gajiye, wani ma sai ya tsaya a shagon mahaifinsa. Jirgin ƙasan cikin gari da aka buɗe a 2024 ya rage wahalar masu zuwa Yaba, amma bai kai Ojo ba.

Lokacin da abokansa suke zaune a ɗakin karatu suna gardama a kan tambaya ta uku, shi yana cikin cunkoson motoci. Abin da ke iso masa shi ne hoton amsa a WhatsApp. Wato ya rasa amfanin haɗin gwiwar, ya samu illarsa kawai. Wannan ne abin takaicin, kuma dokar da ta ce kowa ya yi shi kaɗai ba ta taɓa shi ba.

A tsakiyar shekarun 1970, Uri Treisman ya bi diddigin ɗaliban lissafi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka. Ya gano ɗalibai 'yan asalin Sin suna bita tare, suna gyara wa juna, yayin da baƙaƙen fata masu himma iri ɗaya suke fama su kaɗai, suna faɗuwa. Da ya kafa musu zaman warware tambayoyi a ƙungiyance, sakamakonsu ya tashi. Raba ɗalibi da abokan bita cutarwa ce, musamman wanda jama'arsa ba su da yawa a ajin.

Hatimi a matsayin ma'auni

Fannin lissafin ƙidaya ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A 1732, shekara huɗu kafin aikin masanin lissafi Euler a kan gadojin Königsberg, Muhammad bn Muhammad Al-Katsinawi ya rubuta littafi a kan hanyoyin gina hatimi mai gidaje mara. Ya rasu a Alƙahira a 1741.

Hatimi mai gida tara ya isa misali. An jera 1 zuwa 9, kowane layi ya ba da 15. Kowa na iya kwafo jerin. Amma a tambayi ɗalibi: me ya sa dole 5 ta zauna a tsakiya? Wanda ya fahimta zai ce layuka huɗu ne suke ratsa tsakiya, jimillarsu 60. Sun taɓa kowane gida sau ɗaya, wanda ya ba da 45, sai gidan tsakiya da suka ƙara taɓawa sau uku. Ragowar 15 a raba uku, 5 ke nan. Bayanin bai kai minti biyu ba, kuma wanda ya kwafa ba zai iya yin sa ba. Makarantun allo na Agege sun daɗe a kan wannan tsari: ana karatu tare da ƙarfi, amma hadda kowa shi kaɗai yake kawo ta gaban malam.

Abin da ya kamata a rubuta

Dokar kwas ta fito a rubuce tun makon farko. Ta ce an yarda a tattauna, har ta waya, amma kowa ya rubuta hujjarsa bayan an watse, ya kuma ambaci sunayen waɗanda ya yi bita da su da duk manhajar da ya nemi taimakonta, ba tare da an rage masa komai ba. Makin jingar kanta kada ya wuce 5. Sauran 25 su tafi ga gajerun gwaje-gwaje a aji, waɗanda aka ciro daga jingar aka ɗan sauya lambobi, da kuma kiran wasu ɗalibai ta hanyar ƙuri'a su yi bayani a allo. A yafe jinga ɗaya mafi ƙarancin maki, saboda rashin wuta da rashin lafiya.

Sauran aikin na al'umma ne. Ƙungiyoyin ɗaliban Arewa da kwamitocin masallatan Agege su ware ɗaki mai wuta da allo ranakun Asabar da Lahadi, su nemi 'yan unguwa da suka gama digiri su riƙa zama da 'yan aji biyu kafin zangon karatu na gaba ya kama.