Kwal da Farar Wuta: Tarihin Wata Tsohuwar Mas'ala

Tun lokacin da dazuzzukan Ingila suka fara ƙarewa, mutanenta suka koma ga kwal, wato gawayin da ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa, sai suka tarar ni'imar nan ta zo da illarta, domin a cikinsa akwai kibiritu, wato farar wuta, wadda ke tashi cikin hayaƙi mai shaƙe maƙogwaro. A shekarar 1306 Sarki Edward na Ɗaya ya haramta ƙona kwal a Landan, amma da yake itace ya yi tsada, talaka kuwa ba ya kwana da sanyi saboda doka, haramcin bai yi tasiri ba.

Abin lura shi ne, asarar dukiya ce ta fara tilasta neman magani, tun kafin a kula da lafiyar jama'a. Maƙera sun ga ƙarfen da aka narkar da ɗanyen kwal yana tsagewa a kan maƙera idan ya yi ja, saboda kibiritun da ya shiga jikinsa, har sai da Abraham Darby, a Coalbrookdale cikin 1709, ya yi nasarar narkar da tama da kwal mai ƙarancin kibiritu wanda aka riga aka gasa. Maganar huhun talakawa kuwa ta jira zamani mai tsawo, duk da cewa Robert Angus Smith ya bayyana a 1872 yadda hayaƙin Manchester ke mai da ruwan sama asid. Sai da hazon Disambar 1952 ya hallaka mutane dubbai a Landan, sannan majalisa ta kafa dokar tsabtace iska a 1956.

Masana kimiyya sun tabbatar cewa galibin kibiritun kwal iri biyu ne: ɗaya yana haɗe da ƙarfe cikin ƙananan duwatsu, ɗayan kuma ya cuɗanya da zatin kwal ɗin kansa. Bayan dokar iska ta Amurka ta 1970, Robert Meyers na kamfanin TRW ya fito da hanyar jiƙa niƙaƙƙen kwal cikin ruwan wani gishirin ƙarfe, wanda ke fitar da galibin na farkon; na biyun kuwa bai sallama ba sai da narkakkiyar soda mai tsananin zafi, wadda kuɗinta ya kusa cinye amfanin kwal ɗin.

Saboda haka masu tashoshin lantarki suka zaɓi hanyar da aka gwada a tashar lantarki ta Battersea da ke Landan tun shekarun 1930, wato a bar kwal ya ƙone, a wanke hayaƙinsa kafin ya fita. Yau da ruwan farar ƙasa ake wankin, abin da ya rage kuma ya zama jifsam, a sayar wa magina. Hikimar malaman kimiyya ta buɗe hanyoyi da dama, amma lissafin 'yan kasuwa ne ya yanke hukuncin wadda aka bi.